Gonar da Ba a Sake Shukawa

Babanmu bai taɓa yarda da abu ɗaya ba. Gonakinsa biyu ne, ɗaya a jigawa gabas da ƙauyenmu, ɗaya a fadama can cikin dallol, babban kwarin yankinmu, kuma kowace shekara sai ya shuke su duka ko da ƙarfinsa bai kai ba. Shekarar da ruwa ya yi yawa fadama ta nutse, jigawa ta cika rumbu. Shekarar fari jigawa ta ƙone, fadama ta ba mu abin kaiwa baki. Awakinsa ma haka ya yi da su, rabi a gida, rabi wajen wani makiyayi a Sanam, don in ciwo ya shiga garke kada ya kwashe duka. Salla ba ta wuce shi, amma in damina ta ƙarato sai ya aika wa wata tsohuwa mai bori, ƴar'uwar kakarmu, da baƙin zakara a ɓoye. Inna takan ce masa, "Maigida, har nan ma gona biyu kaka shukawa?" Shi kuwa sai ya ce, "Ke dai bari. Ba ni son a ce ta hwaru ta ƙare, an yi ma mai dame ɗaya sata."

Mu ƴaƴansa mun sha yin dariyar wannan hali nasa, ba mu san zai zo kanmu ba.

Ni da ƙanena mai bi mini rana ɗaya aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, don haka aji ɗaya muka yi ta tafiya. Da muka gama ta ƙauye aka tura mu kolej a Filinge, muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, bayan kasuwa. Ƙanena lissafi a wurinsa kamar shan ruwa ne, amma in ya buɗe baki da Faransanci har mushe, wato malamin ajin, sai ya kau da kai. Takardarsa ta dikte, wato shifta, in ta dawo, jan alƙalami ya fi baƙin yawa. Ni kuwa, ba yabon kai ba, babu darasin da ya gagare ni. Lissafi ina ci, tarihi ina ci, Faransanci ina ci. A lokacin ina ganin wannan baiwa ce, kuma ina tafiya da kaina sama a kanta.

A ajin ƙarshe na kolej ne abin ya same ni. Wata ranar kasuwa mushen kimiyya ya biya ta wurin mahauta ya sayo zuciyar rago, ya kawo ta aji cikin leda. Ya ɗora ta bisa tebur, ya tsaga da reza, ya ce wa zai zo ya sa yatsa ya bi hanyar da jini ke bi. Ƴar bencinmu, wata siririyar yarinya Bazabarma daga Tondikandiya, ta toshe hanci da gefen hijabinta ta sunkuyar da kai. Samarin da ke cika baki kowa ya lafe. Ni na miƙe. Na tura yatsa ta wata kafa ya fito ta wata, na ji wani siririn nama yana buɗewa yana rufewa a kan yatsana kamar murfi. Mushe ya ce ai wannan shi ke hana jini komawa baya, kuma akwai irinsa a ƙirjin kowa a ajin nan, yana aiki yanzu haka. Tun daga ranar ban sake son zama wani abu ba sai likita. Da layya ta zo, ina tsaye kan masu fiɗa, na karɓi huhu ina hura masa iska ta maƙogwaro ina kallon yana kumbura. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe mahauciya ya haifa bai sani ba.

Mushen lissafi ne ya zaunar da mu gab da birbe, jarrabawar gama kolej, ya yi mana bayanin abin da ke gaba. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya fara tunanin abin da yake so ya karanta a jami'a, sannan ya biyo hanya da baya har zuwa inda yake tsaye yau. Ya ce a lise, makarantar da ke bin kolej, ajin farko da ake kira sigond kashi biyu ne. Akwai seri A, inda ake harsuna da tarihi da falsafa. Akwai ɓangaren kimiyya, wanda daga baya yake rabewa C da D, inda ake lissafi da fizik da ilimin halittu. Wanda ya ci bak na kimiyya, wato jarrabawar gama lise, in ya ga dama ya yi likitanci, in ya ga dama ya yi aikin gona ko injiniya, in ma ya sake shawara ya je ya karanta shari'a babu mai hana shi. Wanda ya ci bak na A yana da shari'a da adabi da koyarwa, amma ƙofar likitanci ba za ta buɗe masa ba. Ya maimaita wannan sau biyu yana kallon sashen da nake zaune. Ni a raina na ce mushe na ɓata bakinsa, ai ni tawa a shirye take.

Muka ci birbe mu biyun. An ba mu takardar da kowa zai rubuta ɓangaren da yake so, uba ya sa hannu, masu rabon ɗalibai su duba maki su tabbatar. Makina ya isa kowane ɓangare. Na ƙanena ya isa kimiyya kawai, shi ma lissafi ne ya ɗauke shi. Muka tafi gida hutun damina da takardun cikin jaka, ni ina ganin sa hannu ne kawai ya rage.

Baba bai sa hannu nan take ba. Ya ce a bari ya je kasuwa ya dawo. Abin da ban sani ba shi ne tambaya ya tafi yi, irin wadda yake yi kafin ya sayi sabon iri. Ya zauna rumfar masu goro, ya zauna rumfar masu sayar da igiya, ya tambayi duk wanda ke da ɗa a lise. Aka ba shi labarin ɗan wane da ya zauna bak na D har sau uku bai ci ba, yanzu yana tallan katin waya. Aka ba shi labarin ɗiyar wane da ta yi A ta ci karo ɗaya, ga ta tana koyarwa a Abala. Ya dawo da yamma ya wanke ƙafafunsa, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya kira mu.

Ya ce, "Na yi tambaya, na gane karatun nan naku. Shi wanga na kimiyya jigawa ne. In ya yi, ya cika rumbu, in bai yi ba ko kara ba ka samu. Shi kau wancan na A hwadama ne, da wuya shi bar mutum hannu wohi. To ba ni zuba ku duka wuri ɗaya."

Na ce, "To Baba, shi sai ya yi A ɗin."

Ƙanena ya zaro ido. Baba ya ce, "Wanga? Da wane Hwaransancin? In anka kai shi can ai an bizne shi da rai. Shi ƙasa ɗaya ce taka karɓa tai. Ke kau iri mai ƙarhi ce, ko ina anka jehwa ki sai kin tsira. Ke za ki A."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, har yau ban samu inda ta karkace ba. Da ni daƙiƙiya ce a Faransanci, da yanzu wani labarin nake ba ku. Iya komai da nake taƙama da shi, shi ya ja mini.

Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce masa wanda ya yi kimiyya yana da ƙofa biyu, wanda ya yi A ɗaya kawai. Ya ce ƙofa biyu ga wanda ya ci ke nan, wanda ya faɗi fa? Na ce ba zan faɗi ba. Ya ce shi ma kowace shekara haka yake cewa ranar shuka. Na ce, "Baba, wannan gonar sau ɗaya ake shuka ta." Nan ya yi murmushi irin na manya in yaro ya faɗi shirme. Ya ce, "Ɗiyata, ni na girme ki a harkar gona. Babu gonar da ba a sake shukawa. Mun yi bizne rana ta ƙone shi munka sake, hwara ta cinye munka sake. Ki hwara samo muna wanga na hannu, daga baya ki koma ki yi wancan."

Mushen lissafi da ya ji labari ya hau babur ya zo har ƙauye. Baba ya karɓe shi da mutunci, aka dama masa fura, ya saurare shi har ya gama ba tare da ya katse shi ba. Sannan ya ce, "Mushe, na ji. Tambaya ɗaya gare ni. Kana iya rantse mini in ta yi kimiyyar nan tana cin bak?" Mushe mutum ne mai tsoron Allah, ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan gobe, amma a ganinsa za ta ci. Baba ya ce, "To ka gani." Ya raka shi har bakin gari, ya ɗaura masa zabuwa a bayan babur.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Na daina cin tuwo, na daina yi wa kowa magana. A gona in ana noma sai in ja hauyata can nesa in bar su. Ƙanena ya zo ya ce shi wallahi bai roƙi kowa kimiyya ba, shi lakwal ɗin ma gaba ɗaya ta ishe shi, na ce ya ɓace mini da gani. Inna ta bar ni na kwana biyu a haka, sannan ta ajiye mini ƙwaryar fura a gaba ta ce, "Sha. Ubanki ba ƙinki shika yi ba, tsoro shika ji. Kin san shekarar da anka haihe ki mi munka ci?" Ban sani ba, kuma ban tambaya ba, don a lokacin ba na son in ji wani dalili da zai rage mini fushi. Baba ya dangwala yatsa a takardun biyu, aka mayar da su Filinge.

Shekarar farko a lise ban ɗauki abin ya ƙare ba. In mun dawo gidan Gwaggo da la'asar sai in ja littattafan ƙanena in karanta, har aikin gida nake taya shi. Ƴar bencinmu ta kolej, wadda ta toshe hanci, ita kimiyya aka tura ta, ajinsu ɗaya da shi. Takan biyo gidan in yi mata bayanin abin da ba ta gane ba, ni da ba na ajin. Da shekara ta ƙare na je wurin shugaban lise na roƙi a mayar da ni kimiyya. Ya duba makina ya yaba, ya ce amma lissafin da aka yi wa ƴan A bai kai wanda aka yi wa waɗancan ba, sai dai in yarda in koma baya in maimaita sigond. Na ce na yarda. Aka aika wa Baba, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya tuge hatsi yana tsaka da yin kyau don ya sake shuka ba.

A shekara ta biyu ne na san ƙofar ta rufe. Wata rana na buɗe littafin fizik na ƙanena kamar yadda na saba, na karanta shafi ɗaya, ban gane ba. Na sake karantawa. Alamomi ne a ciki waɗanda ban taɓa gani ba, an gina su bisa wasu da aka yi a aji ina can ina nazarin waƙoƙin Faransawa. Na tambaye shi, ya fara yi mini bayani, sai na ga shi ma sai ya koma baya ya koya mini wani abu kafin wannan, kafin wancan ma akwai wani. Na rufe littafin na mayar masa. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito na taya Gwaggo tankaɗe. Daga ranar ban sake taɓa littattafansa ba.

Sauran labarin ya tafi yadda Baba ya lissafa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ci bak karo ɗaya. Ƙanena ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi, Faransanci da falsafa suka ja shi ƙasa. Bai damu ba ko kaɗan. Ya bi wani mai haɗa wutar sola, yanzu daga Filinge har Abala in famfon rijiya ya tsaya shi ake kira, kuma ya fi ni fara'a. Ni na tafi Yamai na karanta adabi, na zama malamar Faransanci, aka yi ta yawo da ni har aka dawo da ni Filinge. Shekarar da damina ta ƙi, jigawa da fadamar duka suka ba da kunya, daga albashina aka ci tuwo a gidanmu har kaka ta zagayo. Baba ya samu abin faɗi. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, in an taɓo zancen lakwal sai ya gyara zama ya ce, "Kun gani? Da na zuba su duka jigawa hwa?" Mutane su gyaɗa kai. Ni ina gefe cikin mata ina ji, na kuma san a ma'auninsa ya yi daidai.

Aikina ba na ƙinsa. Ina son yaran, kuma na iya. Amma duk shekara in lokacin zaɓen seri ya zo, ni ke roƙon a ba ni ajin masu birbe in yi musu bayani, kuma nakan ce su turo mini iyayensu, ba su kaɗai ba. Abokan aikina na tsokanata wai na mayar da abin wa'azi. Su ce abin da suka ga dama. Na san irin tambayar da ake yi a rumfar masu goro, na kuma san irin amsar da ake samowa.

Bara ƙafafun Baba suka fara kumbura, yana tafiya kaɗan sai haki. Ƙanena ya ɗauko shi a babur, ni na tarye su a asibitin Filinge. Da layi ya zo kanmu muka shiga, sai ga ƴar bencinmu zaune bayan tebur da farar riga, ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Muka rungume juna. Ta durƙusa ta gaida Baba da Hausarta mai ɗanɗanon Zabarmanci, ta sa masa abin sauraro a ƙirji ta daɗe tana ji. Ta ce mana ɗaya daga cikin muraffan zuciyarsa ne ba ya rufewa da kyau, jini na komawa baya. Ta fara neman yadda za ta yi mini bayani, na ce ta bari, na san wurin. Ta kalle ni, ta yi dariya ta ce, "Haka ne fa, ke kika sa yatsa." Ta rubuta magani, ta hana shi gishiri da noma.

Muka fito muka zauna bisa benci ƙarƙashin itacen bedi muna jiran ƙanena ya dawo daga sayen maganin. Baba ya ce, "Lokotoron nan tana da hankali. Ina kinka san ta?"

Na ce, "Bencinmu ɗaya a kolej. Ni ke koya mata lissafi."

Ya kalli ƙafafunsa. Can ya ce, "To ke mi kika jira? Na daɗe ina son in tambaye ki. Ga shi kin samu aiki, gida ya tsaya, ƙanenki ya kama sana'a. Ki koma ki yi naki mana. Ko kin bar so?"

Na juyo na kalle shi don in ga ko wasa yake yi. Ba wasa yake ba.

Na ce, "Baba, ba a komawa."

Ya ce, "Ko da kuɗɗi?"

Na ce, "Ba zancen kuɗi ba ne. Sai in koma sigond in zauna da ɗiyan da nake koyarwa, in sake bak, sannan in fara shekarun likitanci, ga ƴaƴana, ga aiki. Kuma kan da ke ɗaukar lissafin nan ya tafi tuntuni. Tun ranar da ka dangwala yatsa ta ƙare."

Wata mata ta wuce da yaro a goye, ta gaishe mu, ni kaɗai na amsa. Sannan Baba ya ce, a hankali, ba ni yake kallo ba, "Ni duk shekarun nan cewa nike jinkiri kawai na yi miki."

Na so in ce masa ba komai, kamar yadda ɗiya ta gari za ta ce. Bakina ya ƙi. Na so kuma in ce masa ai na faɗa maka tun a kan tabarma, shi ma ya ƙi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba, duka biyun a lokaci ɗaya. Sai kawai na gyara masa takalminsa da ya zame daga kumburarriyar ƙafar. Ƙanena ya iso da ledar magani, muka ɗora Baba a babur, na ce ya riƙe da kyau.

Baba na nan da ransa, yana shan magani, yana zagin tuwo marar gishiri. Har yanzu gona biyu yake sa a shuka masa. An yi sunaye da ɗaurin aure da yawa tun daga ranar, an kuma taɓo zancen lakwal a gabansa. Ban sake jin ya ce "kun gani" ba.